Shafin da Na Karanta wa Nazir

Garin Malam, Damagaram
Litinin, 6 ga Mayu

Kai bido shida famfo kafin a buɗe lakwal. An cika huɗu.

Yaya Ummul Khairi,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga kayen da nake rubuta ayyukana na yago takardar. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara da duk mutanen Garagumsa. Yaya zafi, yaya kuma gwiwar taki? Mu nan lafiya lau, sai ƙarancin ruwan da kika sani. Mai ɗakina Hasana tana gaishe ki da kyau.

Tun ranar Juma'a na kira ki sau huɗu ba ki ɗauka ba. Ina ta ce wa kaina rezo ne, layin waya ya ƙi kamawa, amma na ji abin da aka turo miki a waya, shi ya sa na ga gara in rubuta in ba Ari direba ya kawo miki. A waya nakan manta rabin abin da zan faɗa.

Bari in fara daga farko. Kin san 'yarki ta wajena, Sakina, da ƙawarta Ramlatu suna yin wasan kwaikwayo suna sakawa a intanet. Sunansa Layin Famfo. Mata ne a layin ruwa da bidodinsu, kowane kashi minti goma. Sakina ce take rubutawa, ita ce kuma take fitowa a matsayin wata Magajiya, wadda takan ajiye duwatsu biyar a layi tun asuba ta ce kowane dutse mutum ne. Ba su da kamfani. Masu kallo ne suke turo abin da ya sawwaƙa ta waya, a ƙarshen kowane kashi a jera sunayensu. Suna da gurup na mutum ɗari uku da wani abu, daga nan, daga Agadas, daga Kano, har da 'yan ci-rani a Libiya. Wani Alhaji Ɗanƙarami mai atamfa a Kasuwar Dole shi ne shugabansu. An yi musu alkawarin kashi shida, huɗu sun fita.

Ɗanki Nazir kuwa kin fi ni sanin sana'arsa. Yakan zauna da tiya a gabansa kamar mai awon hatsi, ya ɗauko fim ko wasa ya yi masa ba'a, a ƙarshe ya auna masa gero in ya yi kyau, dusa in bai yi ba. Masu binsa sun haura dubu ɗari biyu, suna ce masa Mai Tiya. Ranar Alhamis ya ɗauko Layin Famfo.

Na kalla sau uku don kada in zalunce shi. Minti biyar na farko wasan da muka saba ne. Ya ce baiwarsa ta gudu daga wanke-wanke ta shiga fim. Ya ce zanin Magajiya labulen ɗakinmu ne, kuma gaskiya ne, shi ne. Ni ma na yi dariya. A minti na shida ya nemo wani wuri a kashi na uku inda harshen Sakina ya ɗan sarƙe, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ya maimaita shi sau biyar, sannan ya ba da labarin akuya. Kin tuna, lokacin tana shekara takwas i'ina ta yi mata yawa. Hasana ta bar garin tuwo a tsakar gida, akuyar maƙwabta ta shigo, yarinya ta ruga wajen uwarta ta tsaya tana a-a-a, kafin akuya ta fito daga bakinta ta gaske ta cinye rabin ƙwarya. Ya gama ya auna mata dusa rabin tiya.

Sakina ta yi dariya da ta gani, ta ce wannan bawan nata zai sani, za ta rama. Na ce mata haka ake so, taubashinki ne, ɗan mace da 'yar namiji ba a shiga tsakaninsu. Shekara shida ya yi a gidan nan yana karatu, ba ranar da ba su yi irin wannan a bakin murhu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen da ke ƙasan bidiyon. Ranar Asabar na zauna na karanta sharhi ɗari shida, na raba su gida uku a takarda kamar yadda nake raba 'yan makara a lakwal, makarantar da nake aiki. Masu yi mata dariya sun fi yawa. Wani ya rubuta, "Wayyo cikina, a kawo mata ciyawa." Wata ta ce, "Kashi na biyar sai baɗi, tana nan tana fito da kalmar farko." Masu zagin Nazir su ne na biyu. Waɗanda suka gane cewa su biyun taubasai ne mutum tara ne kawai, kuma ba wanda ya kula su.

Cikin na biyun ne aka sami waɗanda suka nemo hotonki na bikin Ramlatu da lambarki, suka yi miki abin da suka yi. Suna ganin kare Sakina suke yi. Wallahi Yaya ba da saninta ba ne, ta yi kuka da ta ji an zagi gwaggonta da sunan kare ta. Ina ba ki haƙuri a madadin mutanen da ban taɓa gani ba, don ban san wanda zan kama ba.

Ina ganin nan da mako za su sami wani abin su manta. Ko ba haka ba? Ke kin fi ni sanin mutane. Ki gaishe da maigidan da yara.

Ƙaninki,
Suma'ila

Garin Malam, Damagaram
Alhamis, 16 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ari ya ce ya same ki kina jan ƙafa, Allah ya sawwaƙe. Ya isar da saƙonki, cewa ba ki riƙe kowa ba, kuma wasan yara ne, kada manya su sa baki. Na gode. Amma akwai abin da ban gaya miki ba a waccan takardar, kuma tun da Ari ya tafi da ita nake jin kamar ƙarya na aika miki.

Nazir bai san labarin akuya da kansa ba. Lokacin da abin ya faru yana wajenki, bai zo gidan nan ba sai bayan shekara uku. Kwana biyu kafin ya yi bidiyon ya zo ya same ni a zaure da la'asar, ya kawo mini goro, ya ce Kawu, ina neman makamin da zan kayar da baiwata, ka taimaka wa ɗanka. Ni kuma na ji daɗi. Kin san shekara ashirin da huɗu ke nan ina rubuta abin da ya faru kowace rana, ba wanda ya taɓa tambayata me ke ciki. Na shiga na ɗauko kaye na shekarar, na nemo shafin, na karanta masa, har da lokacin, ƙarfe huɗu da minti goma. Muka yi ta dariya. Na san aikinsa, na ga wayar a hannunsa, amma a raina zauren gidana nake gani da mutum biyu a ciki. Ni da nake gargaɗin 'yan lakwal kullum a kan abin da suke sakawa a waya.

Ba su manta ba, Yaya. Wani ya haɗa guntun muryarta da kukan akuya da kiɗa, yanzu har a shagon masu cajin waya ana sakawa. Ranar Juma'a ta tafi kasuwa sayen kayan miya, 'yan kabu-kabu uku suka bi ta suna mee. Ba su taɓa ta ba, ɗaya ma cewa ya yi shi masoyinta ne, ya kalli kashi huɗun duka, ta tsaya su yi hoto. Ta dawo ba kayan miya.

Ranar Lahadi da safe ta zo gaishe ni, ta durƙusa, sai ta tsaya a kan Baba. Leɓenta yana rawa, kalmar ta ƙi fita. Shekara tara rabona da ganin haka. Kin tuna yadda abin ya tafi, wani mushe ne, malaminsu, ya sa ta a wasan kwaikwayon lakwal, aka ga in ta zama wata ba ita ba harshenta yakan saki, a hankali har ya saki gaba ɗaya. To ya dawo, kuma wannan karon har a bakin Magajiya. Ramlatu ta ce sun gwada ɗaukar kashi na biyar sau goma sha ɗaya, ba su wuce layi biyu ba.

Nazir ya zo ranar Litinin, ya rame. Ya goge bidiyon a gabana, amma ya nuna mini wurare fiye da talatin da wasu suka sake sakawa, ya ce ko ya bi su ɗaya-ɗaya ba zai ƙare ba. Ya ce Kawu, ni fa talla na yi mata, duk wasan da na taɓa, masu kallonsa ninkawa suke yi. Wannan ma gaskiya ne, sun ninka sau bakwai. Ya nemi ganinta, ta ƙi fitowa. Bai gaya wa kowa inda ya samo labarin ba, ni kuma ban ce ya faɗa ba.

Na je wajen Gwaggo Shatu a Birni, tunda ita ce babbarmu da ta rage, ko za ta kira su ta sasanta. Ta saurare ni tana murza carbi, sannan ta ce ita ba ta ga laifin da za a sasanta ba. Ta ce ita nata taubashin a gaban surukanta ya kwance mata ɗankwali, ba ta mutu ba. Ta ce wadda ta yi fushi da taubashi ita ce mai abin kunya, Sakina ta fito ta zage shi tas a wuce wurin. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ba Nazir ne yake yi yanzu ba, mutum dubu ɗari biyu ne. Ta ce duka taubasanta ne? Na ce a'a. Ta ce to me ya kawo su cikin wasan gidanmu? Na sha ruwa na taso.

'Yan gudummawa kuma sun rabu biyu. Wasu suna so ta yi bidiyon ramuwa, har suna turo mata zagin da za ta yi amfani da shi. Wasu suna cewa a sa i'inar a cikin wasan, Magajiya ta zama mai i'ina, tunda abin da mutane suke so ke nan. Sun jefa ƙuri'a a kai, ba su tambaye ta ba. Ramlatu ta sa ni a gurup ɗin, na yi awa biyu ina tsara bayani a kan taubasantaka da tarihin lalurar yarinyar, na gyara sau uku na tura. Cikin minti ɗaya saƙo arba'in suka binne shi. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce, "Baba wannan ai jarabawar birbe ce, a taƙaita mana." Ban ji haushinsa ba, wataƙila ya yi tsawo. Abin da ya fi damuna, ba mugaye ba ne. Akwai wata mai aikatau a Agadas da take kira kullum tana tambayar jikin Sakina, kuma ita ce ta fi kowa matsawa a yi ramuwa.

Alhaji Ɗanƙarami ya kawo shawara su biyun su fito tare kai tsaye, Nazir ya ba da haƙuri, ita ta ce ta yafe, a rufe maganar. Hasana ba ta so. Ni na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. In kina da ra'ayi ki gaya wa Ari ranar Asabar.

Ki yafe mini abin da na jawo wa ɗanki. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Suma'ila

Garin Malam, Damagaram
Lahadi, 26 ga Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali. Na ji an yi yayyafi wajenku, Allah ya kawo damina mai albarka. Man zafin da na aiko, a shafa safe da yamma.

Ari ya kawo amsarki, kin ce kada a yi. Ta iso ranar Asabar da azahar, ni kuma na riga na ce e tun ranar Juma'a. Na zauna na rubuta amfanin abin a gefe ɗaya, illarsa a gefe ɗaya, amfanin ya fi da biyu. Sakina ba ta ce tana so ba. Ta dube ni ne kawai, na ce mata jimla ɗaya ce, ki daure, sai ta gyaɗa kai.

An yi ranar Laraba bayan la'asar a tsakar gidanmu. Ramlatu ta riƙe wayar. Jimlar ni na rubuta mata, na zaɓi kalmomin da na san ba su cika kama ta ba: na yafe wa ɗan'uwana, wasa ne na gida. Da safe ta faɗe ta sau ashirin a gaban uwarta, sau uku kawai ta tsaya.

Nazir ya yi nasa da kyau. Bai zo da tiya ba. Ya ce shi ɗan gwaggonta ne, a gidan ubanta ya ci ya sha, wasan da ya yi nasu ne su biyu, ba na kowa ba, kuma duk mai ƙaunarsa ya daina. Ina tsaye bayan Ramlatu ina ganin rubutun mutane yana gudu a kan wayar. Mutum dubu tara suna kallo. Wasu suna cewa Allah sarki, wasu suna cewa ina tiya, wasu suna cewa shiri ne, tun farko tare suka ƙulla don a kalle su.

Da aka zo kanta ta ce na, ta tsaya. Na duba agogo, ban san dalili ba, hannuna ne ya saba. Daƙiƙa hamsin. Wuyanta ya kumbura, idonta yana kan wayar, hotunan akuya suna ta hawa kan fuskarta. Ramlatu ta juyo tana tambayata da ido ko ta kashe. Na ɗaga mata hannu ta jira, don ina ganin in aka kashe a nan an kashe ke nan har abada, in aka ƙara mata daƙiƙa biyar kalmar za ta fita. Ba ta fita ba. Nazir ya buɗe baki, na ga ba'a ta zo masa, irin wadda da a bakin murhu ne za ta sa ta dariya kalmar ta faɗo. Ya haɗiye ta, ya sunkuyar da kai, ya fashe da kuka. Hasana ce ta fito daga ɗaki ta rufe wayar da mayafinta.

Kafin magariba mutane sun yanka bidiyon gunduwa-gunduwa. Akwai na shirunta, akwai na kukansa, akwai na mayafin Hasana. Gudummawa kuwa ba ta taɓa shigowa kamar kwanakin nan ba. Alhaji Ɗanƙarami ya zo da kansa da atamfa turmi biyu, ya ce a ba jarumarmu, duniya tana bayanta, yaushe za a saki na biyar? Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na karɓa na yi godiya, don ban san yadda ake mayar da alheri ba. Nazir ya rufe shafinsa, masu binsa suna cewa mu ne muka kashe musu Mai Tiya, jiya an jefo dusa cikin leda ta kan katanga.

Tun ranar Laraba Sakina ba ta yi magana da baki ba. Tana ci kaɗan, tana salla, tana taya uwarta aiki. In tana son abu sai ta rubuta. Na kai ta asibiti, likita ya duba ya ce maƙogwaronta lafiya lau, a bar ta ta huta, a rage mata mutane. Ta ina zan rage su? Na karɓe wayarta, amma suna cikin wayar kowa a unguwar.

Jiya ta miƙo mini takarda, ta ce tana so ta tafi wajen Gwaggo, wato wajenki. Na yi mamaki, na tuna mata gidan su Nazir ne fa. Ta rubuta cewa ta sani, can rezo ba ya kamawa sai an hau tudu. Wannan ne dalilin takardar nan. Ina roƙonki ki karɓe ta, ko zuwa bayan shuka. In kin yarda Ari zai kawo ta ranar Talata.

Ga abin da na koya tun tana ƙarama, ko zai yi miki amfani. In ta fara magana ta tsaya, kada a ƙarasa mata, ko an san abin da za ta ce. Kada a ce ta yi a hankali. Kada a kau da kai, kada kuma a zuba mata ido, a ci gaba da abin da ake yi. Ta fi samun sauƙi in hannunta yana aiki, ki ba ta sussuka ko tsinkar zogale ki zauna kusa. Ki ja kunnen 'yan'uwan Nazir, na san haƙƙinsu ne su tsokane ta, amma su ɗaga mata wannan karon. Kuna da awaki, ban san yadda za a yi da wannan ba.

Ba ta tambaye ni komai a kan labarin ba. Amma Nazir ya faɗi ƙarfe huɗu da minti goma a bidiyon, kuma ta san mutum ɗaya ne a gidan nan yake duba agogo in akuya ta ci gari. Tana kawo mini ruwan alwala kamar kullum, ta ajiye ta juya. Kada ki gaya mata, Yaya, ni ya kamata in faɗa.

Ki sa mu a addu'a. Hasana tana gaisuwa, ta ce a gode miki tun kafin ki amsa. Zan tsaya nan, sauran takardar na gobe ne, ba ni da wata.

Ƙaninki,
Suma'ila

Litinin:
Famfo, bido shida.
Kai wa Ari takarda, a kama wurin gaban mota na Talata in Yaya ta yarda.
Neman izinin rabin yini wajen daraktan lakwal.
Ramlatu: me za a gaya wa mutum ɗari uku. Ban tsara ba.
Turamen Alhaji, a mayar ko a ajiye. Tambayi Hasana.
Leƙa Nazir, an ce ba ya cin abinci.
Sayo wa Sakina kaye biyu da bik na rubutu.
Gaya mata ni ne na karanta masa. An ɗago daga jiya, da shekaranjiya.